Ƙorafi Kan Gyaran Akwatin Wutar Lasifikar Tungar Abbas

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Rediyo da Lasifika,
Sabon Birni.

Daga:
Malam Usmanu Ɗan'auta, Ladanin Masallacin Tungar Abbas, Mazaɓar Kurawa.

Litinin, 23 ga Oktoba, 2023.

Game da: Gyaran da ɗan ƙungiyarku Lawwali ya yi wa akwatin wutar amfilifayar masallacinmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da girmamawa, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna, don sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina sanar da kai cewa tun da 'yan bindiga suka dame mu, garinmu ya yi shawara: duk wanda ya ji kiran salla ba a lokacin salla ba, ya bar gona ya gudo gida.

1. Ranar Litinin, 4 ga Satumba, lasifikarmu ta fara gurnani, sannan ta ɗauke. Na kai wa Lawwali akwatin da ke karɓar wuta daga batirin sola yana ba amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa lasifika ƙarfin murya. Ya buɗe a gabana, ya auna da mita, ya ce fiyus ya ƙone. Ya kuma nuna mini wasu 'yan gwangwanaye biyu da suka kumbura, waɗanda ya kira kwandansa, ya yi alkawarin canza su duka.

2. Ranar Alhamis, 14 ga Satumba, na koma. Ya gwada mini a shagonsa da murya ƙasa-ƙasa. Na roƙe shi ya ƙure ƙarar, na gaya masa dalili, ya ce maƙwabtansa za su yi faɗa. Na ɗauko.

3. Mako uku akwatin yana zafi bayan kowane kira. Wannan laifina ne, kuma za ni amsa shi gaban Allah: na taɓa, na ji zafin, na yi shiru, don hanyar Sabon Birni ba ta biyuwa kullum.

4. Ranar Lahadi, 8 ga Oktoba, da hantsi, aka hango baburan 'yan bindiga daga gabas. Na ƙure ƙarar don masu roron wake a fadama su ji. Kabbara ɗaya ta fita, akwatin ya yi hayaƙi. Na hau katangar masallaci na ci gaba da bakina. Muryar mai shekara sittin da tara ba ta kai fadama. Mutum uku muka yi wa sutura da la'asar. Cikinsu har da matata Fadima da ke roron wake a gonarta ta fadama, wadda shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa jin kirana ta ci gaba da abin da take yi ba.

5. Da wani mai gyara daga garin Isa ya buɗe akwatin, sai ga tsoffin gwangwanayen nan ba a taɓa su ba, kuma a gurbin fiyus an naɗa wayar tagulla. Ya ce da fiyus ne, da shi kaɗai zai ƙone a canza shi nan take, amma wayar ta bar taransfomar cikin akwatin ta ƙone.

Ranka ya daɗe, ban ce Lawwali ya kashe kowa ba, ajali na Allah ne, kuma ba diyya nake nema ba. Ina roƙon ƙungiya ta kira shi ta nuna masa wannan waya, ga ta na haɗo cikin takarda. A hana 'yan ƙungiya yin irin wannan ɗauri a kayan masallatai. A kuma turo wanda zai gyara mana akwatin, ya gwada shi kan batirinmu da cikakkiyar ƙara, ni kuma za ni je in tsaya a gonar Fadima in saurara. Yankan dawa ya kusa, ɗiyata Surayya ce za ta shiga wannan gona.

Allah Ya ƙara maka girma da adalci.

Naka cikin ladabi,
Usmanu Ɗan'auta, Ladan.