Rasuwar Buba a cikin waya

Assalamu alaikum, ƙanena Isiyaku.

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya ƙafar nan taka, da sauƙi? Yaya Kano? Mu nan unguwar Briketeri a Yawunde sai godiya.

Buba mahauci ya rasu, wanda muka sauka Yawunde tare a jirgin ƙasa ɗaya. Ban samu jana'izarsa ba. Ina kasuwar Etudi wajen shanu, ba wanda ya tako ya faɗa mini. Kafin in dawo har an kai shi.

Na tare ɗansa na ce, "Kai Hamadu, haka ake yi?" Ya ce, "Baba, ai mun sa a guruf na unguwa, kowa ya gani." Ya miƙo mini waya, ga hoton Buba, ƙarƙashinsa ƴan fuskoki masu hawaye a jere. Na ce, "A cikin fuskokin nan wacce ta ɗauki makara? Ubanka ko akuyar mutum ce ta mutu, da ƙafarsa yake zuwa jaje."

Wayar da ka aiko mini tana cikin kwalinta, kuma can za ta zauna. Kada ka sake cewa in koya. Na riga na gaya wa liman, daga yau duk wanda ya rasu a unguwar nan ni zan bi gida-gida da sandata in sanar, yadda muka tarar ana yi.

Ka sa Buba a addu'a, ni ma kada ka manta da ni. Ka gaida Hajiya. Ranar da tawa ta zo, ban yarda ka turo fuska mai hawaye ba. Ka hau mota ka zo.

Yayanka,
Garba