Ni na sa aka hana facalata aikin asibiti

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana. Masu zagi ku adana ƙarfinku, na riga ku zagin kaina, kuma na fi ku iya tsara jimla.

Shekara shida na yi ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Ajingi, kafin mijina ya dawo daga wani wa'azi ya gano cewa riƙe alli haramun ne a kaina. Na ajiye aiki. Shekara tara ke nan ɗalibaina su ne tukunya da tsintsiya.

Sai ƙaninsa ya auro wata da ta karanto haɗa magunguna a Turkiyya. Yarinyar nan ba ta buɗe baki Turkiyya ba ta faɗo ba. "Yaya, can fa mai hijabi za ki gani tana duba marasa lafiya, ta je ta yi sallarta ta dawo." To sannu. Mu da ke nan garin Gaya gunki muke bauta wa?

Ranar da takardar ɗaukarta aiki ta iso, rawa ta taka a tsakar gida, a gabana. Washegari mijinta ya shigo gaishe ni, na zaunar da shi, na jero masa duk hujjojin da aka taɓa jero mini, har na fi mai wa'azin tsari. Matan farkon Musulunci da suka yi fatauci da jinya kuwa na tsallake su, alhali na sha koyar da tarihinsu a aji. Ya ce, "Wallahi Yaya kin buɗe mini ido." Ya hana ta.

Jiya ta zo ido a kumbure, ta durƙusa. "Yaya, maganarki kaɗai yake ji. Litinin wa'adin kama aikin zai cika. Don Allah ki gaya masa addini bai hana ba."

Na ji kunya, amma kada ku zaci na fara son ta. Don me za ta fita da farar riga ni ina kankare ƙanzo? Ni wa ya je ya roƙar mini? Abin da ke ci na ɗaya ne: na yanka addinin Allah daidai ƙyashina, ina sane.

In na warware maganar, zai gaya mata wadda ta ƙulla. In na yi shiru, mun zama mu biyu a tsakar gidan, kuma kullum sai ta gaishe ni da ladabi.

Yau Juma'a. Me zan yi?