Kunyar Suruki Ta Hana Ni Shan Maganin Wankin Ciki

Don Allah mai ba da shawara, a taimake ni. Maƙwabciyata Malama Murja ce ke rubuta mini wannan, ni ban san baƙi ba. Kada a sa sunana, a ce wata tsohuwa daga Ɗanzomo.

Tun damina nake ganin jini in na zaga. Yayata ma haka ta fara, muka yi ta jiƙe-jiƙe har ta tafi. To, daga Gumel aka tura ni babban asibiti a Kano. Likita ya ce za a ɗau hoton hanjina, amma sai ciki ya wanku tas. Ya ba ni man gelo a kwalba, wai in sha ana gobe hoto, in bar abinci.

Ga inda gizo ke saƙar. Motar mijin 'yata za ta kai ni, shi ke jigilar kaya daga Maigatari. Yaron da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi zan ce wa ya tsaya in shiga daji? Sau nawa? Ga maza cike da mota. Wallahi gara ƙasa ta tsage.

Sai na yi dabarata. Saura kwana uku na dafa filasko da tsamiya, yadda uwata ke yi mana, ya wanke ni sarai. Na ce ai an gama. Na ci tuwona, ranar tafiya na dama fura. Da aka ɗau hoton, likita ya ce bai ga komai ba sai tuwo. Ya sa wata rana, bayan sati biyu.

Wata a layi ta ce ita gishirin bature aka ba ta, wata kuma ruwan sabulu aka ɗura mata ta ƙasa. Wanne ya fi? Filaskona bai isa ba? Ni tsorona kada in bi yayata. Murja, ajiye alƙalamin haka, na gaji.

Wata tsohuwa, Ɗanzomo

AMSA

Iya, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kunyarki ba laifi ba ce, tarbiyya ce. Filasko kuma ba ƙarya ba ne, yana wanke ciki. Amma ba shi da awo, kuma cikin da aka wanke shekaranjiya aka zuba masa tuwo jiya ya koma yadda yake.

Man gelo yana da ƙarfi da murɗa. Gishirin yana zuƙe ruwan jiki, abin lura ga mai shekaru. Ruwan sabulu ƙarshen hanji kawai yake kaiwa, shi ya sa akan haɗa shi da na sha. Likitan da ya duba ki shi ya san wanda jikinki zai ɗauka. Ki sha abin da ya ba ki, a lokacin da ya ce, kada ki haɗa da filasko. Ki yawaita ruwa. Fura da tuwo su jira.

Batun mota kuwa, ki riga maganin isa Kano. Ki tafi saura kwana biyu, ki sauka wurin 'yar'uwa mace inda bayan gida ke kusa, ki sha a can. Surukinki ya kai ki lafiya lau, bai san komai ba.

Ki gaya wa likita labarin yayarki, yana da muhimmanci. Jini ba kullum ne mugun abu ba, amma sai an gani ake sani. Allah ya sa a ga alheri, Iya.