Hannun Hagun da Ya Kayar da Malam Sule

Zuwa ga Babban Likita mai rangadin ɗakunan magani na ƙasar Dutse.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fatan ka koma masauki lafiya, ina kuma fatan ruwan da aka ce ya tare ku a hanyar Miga bai yi muku ɓarna ba. Allah ya huce gajiya.

Ni ne Audu Masaƙi na Kiyawa. Sunan ba zai tuna maka kome ba, na sani, don tsofaffi irina ka gani da yawa. Amma za ka tuna tsohon nan mai tabon wuta a hannun hagu, wanda ka miƙa wa ɗan kofin auna magani a ranar da kake gwada Malam Sule, mai koyon aikin dresa, wato wankin miki da ba da magani, a ɗakin maganinmu. Gwajin nan shi ne zai nuna ko ya isa a bar masa ɗakin ya riƙe shi kaɗai. Ka ce bai isa ba, ka kuma ce ya gaya maka abin da ba gaskiya ba game da hannuna. A kan wannan nake rubuto maka. Na rubuta da ajami, na roƙi malamin makarantar boko ya juya maka, na kuma ce a karanta a kasuwa, domin a gaban jama'a abin ya faru.

Na farko, yadda hannun yake kafin Malam Sule ya taɓa shi.

Bara da bazara wuta ta kama rumfar awakina. Na shiga kwance su, jinka ta rufto, na tare da hagu. Awakin sun fita lafiya, har yau suna cin ganyen maƙwabta ba ko godiya. Ni kuwa da ciwon ya warke sai yatsun suka dunƙule, fata ta ja su zuwa tafi, suka ƙi miƙewa. Ranka ya daɗe, masaƙi da hannu biyu yake ci. Ƙoshiya, wato ɗan katakon da ke ɗauke da zare, dama ke jefa ta hagu ta cafe, hagu ta mayar dama ta cafe. In ɗaya ya mutu, sana'a ta mutu. Na naɗe zarena na rataye, na koma zaman ƙofar gida ina korar kaji. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Mutum yana ji yana gani a ɗauke masa abin da ubansa ya koya masa.

Na biyu, abin da ya yi.

Miki ya riga ya rufe lokacin da na je wurinsa, babu abin wankewa, babu abin ɗaurewa. Da ya sallame ni ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya tambaye ni da me nake cin abinci. Na ce da dama mana, kamar kowane Musulmi. Ya yi dariya ya ce sana'a yake nufi. Da na gaya masa, washegari da la'asar sai ga shi a gindin durumin da muke saƙa, ya tsuguna yana kallon hannun ƙanena yadda yake jefa ƙoshiya, har abokan saƙa suka fara tsokanarsa ko ya gaji da maganin Bature ne yana neman sana'ar kirki.

Daga nan ya sa ni gaba. Ya riƙa murza yatsun da man kaɗe yana ja a hankali, ni kuwa ina ambaton Allah da duk sunayen da na sani. Ya fere kara ya ɗaura mini don kada su koma. Ya ba ni jiƙaƙƙen yumɓu in riƙa matsawa. Bayan wannan ya sa ni ɓarar gyaɗa, sai tufkar rama, sai tsintar dawa ƙwaya ƙwaya daga faifai. Ka duba, mutum da furfurarsa yana tsintar dawa a tsakar gida, jikoki sun kewaye shi suna ƙyalƙyala dariya! Na yi fushi na daina zuwa. Ya biyo ni har gida, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ya ce, “Baba, in ka bari yanzu, wahalar da ka sha ta tafi a banza. Ka yi haƙuri da ni zuwa girbi.” Ya naɗa wa ƙoshiyata tsumma ta yi kauri yadda zan iya riƙewa, yana rage tsumman kaɗan kaɗan har ya ƙare. Kafin a ɗaure dawa na koma kan masaƙa. Ƙaramin yatsa har yau a lanƙwashe yake, ba zan ɓoye maka ba, kuma saurina bai kai na da ba. Amma ina saƙa, ina kai wa kasuwa, ana saye.

Na uku, ranar gwaji, kuma nan ne ainihin maganar.

Da aka ce Likita zai zo farkon damina, gari ya taru. Ga dagaci, ga liman, ga surukina wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. An gaya wa Malam Sule ya yi bayanin aikinsa sa'an nan ya koma gefe, kada ya buɗe baki har a gama. Ya ce maka hannun yana riƙo, yana aiki. Sai ka ɗauko ɗan kofin nan ka miƙo mini, tafinta ya ce in karɓa da hannun da ya ƙone.

Ranka ya daɗe, a ƙasar nan ba a karɓar abu da hagu. Ba a karɓa daga sa'a, balle daga babba. Hagu hannun tsarki ne, wanda ya miƙa maka shi ya zage ka ba tare da ya ce uffan ba. Tun ina rarrafe uwata, Allah ya jiƙanta, take buge mini shi in ya yi gaba. Na ji abin da tafinta ya ce sarai, amma kafin in yi tunani dama ta riga ta fita. Ka janye kofin, ka sake miƙowa. Sai na yi yadda ake yi wa manya, na miƙa dama, na tallafe wuyanta da hagu. Daga baya aka gaya mini cewa a idonka wannan ya zama kamar mutum yana jan mataccen hannu. A karo na uku na ɗaga kai na haɗa ido da surukina, kunya ta rufe ni, na sunkuya na tura hannun cikin riga. Da ka kamo shi ka duba, tsoro ya sa ya sandare kamar icce. Ko mai lafiya ne Bature ya kama a gaban dagaci, ban ce yatsunsa za su yi laushi ba.

Duk wanda ke wurin ya san abin da ke faruwa, sai kai kaɗai. Tafinta ya sani, amma abin da aka faɗa yake juyawa, ba abin da aka ƙi faɗa ba. Malam Sule ya sani, an kuma ce ya yi shiru, ya yi. Jama'a kuwa har gyaɗa kai suke, suna yaba ladabina.

Na huɗu, ba zarginka nake yi ba.

Ka ga abin da ka gani, ka yi hukunci a kansa. Hadari ya haɗo, marasa lafiya sun yi layi, ga tafiya a gabanka. Kuma ina goyon bayan tsananinka. Wanda za a bar wa ran mutane a ƙauye, ba mai duba shi sai daga rangadi zuwa rangadi, dole a tankaɗe shi da kyau. Ni ma ba na barin ɗan koyo ya taɓa zaren mutane sai na ga hannunsa ya faɗa. Ban san kome ba game da tambayoyin da ka yi masa a kan kwalabe da allura. In can ya faɗi, to ya faɗi, ba ni da ta cewa. Yana da nasa aibin: maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka ce bai karya kumallo ba, ga shi da naci, in ya kama mutum ba ya saki. Amma maƙaryaci, a'a. Abin da ya gaya maka game da hannuna gaskiya ne, ni ne na ƙi nuna maka.

Yanzu ɗakin magani a kulle yake. Malam Sule ya koma Aujara gonar mahaifinsa, da matarsa da goyonta. Ya biyo ta gidana ya yi mini sallama, bai ambaci kofi ba ko sau ɗaya. Abin da ya ce kawai, “Baba, kada ka daina shafa man nan da safe.” Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. An ce mutanen garinsu sun fara kiransa dresan da Bature ya kama da ƙarya. Mutumin da ya mayar mini da sana'ata, ni ne sanadin raba shi da tasa. Wannan abu yana cina.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙo ka janye kalmar ƙarya daga kansa tun yanzu, ko da ba za ka canja sauran hukuncin ba.

Ina roƙo a rangadinka na gaba ka sake gwada shi. In zai yiwu, ka taka zuwa gindin durumin nan ka zauna kaɗan, za mu shimfiɗa maka tabarma. Wanda aka koya wa komawa aikinsa, a bakin aikin ake gane ko ya warke. Haka sauran da suka bi ta hannunsa, mai surfe a gan ta a turmi, mai noma a gan shi da fartanya. In kuma za ka gwada hagun wani a ƙasar nan nan gaba, ka ajiye abin a ƙasa ka ce ya ɗauka. Ƙasa ba ta jin an raina ta.

In kuwa dokar aikinku ta ce dole sai daga hannunka zuwa nawa, to na shirya. Na je na gaya wa liman, ya ce lalura ce, ba laifi. Na aika wa surukina ya yi haƙuri da abin da zai gani. A tara mutanen da aka tara ran nan, kada a rage ko ɗaya. Ka miƙo kofin, zan karɓa da hagu, in ka ce in sha, in sha. Yara su yi ta ba da labari har bayan raina cewa Audu Masaƙi ya tsufa bai san hannun da ake karɓar abu da shi ba. Na yarda. A dai mayar wa Malam Sule mabuɗin ɗakinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa hannunka ya zama waraka ga duk wanda ka taɓa, ya mai da kai ga iyalinka lafiya in lokacin hutu ya yi. Allah ya ba mu ikon gyara abin da muka ɓata ba da niyya ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Audu Masaƙi, Kiyawa.