Gyaran Garmahon Baba

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya yaye masa ciwon bayan da kika ce yana damunsa. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta, ido ne dai kullum yake ƙara ja da baya. Auta ta ci jarrabawarta, matata kuma ta ce in gaya miki ɗinkin da kika aiko ya yi mata cif.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya, shi ya sa na ɗauko biro. Kin san garmahon marigayi Baba, akwatin waƙar nan mai ƙaho, wanda ke kan kabad a ɗakin Inna lulluɓe da tsohon zane. Kwanakin baya wani dillalin tsofaffin kaya ya zo ganin kujeru a gidan maƙwabcinmu, hira ta kai mu ga zancensa. Na faki idon Inna na nuna masa. Ya ce akwatin da ƙahon na asali ne, in har zai yi waƙa yana so. Kasuwa ta yi mini nauyi a lokacin, kuma an ce kwaɗayi mabuɗin wahala, nan take na amsa masa. Ban shawarci kowa ba, har ke. Inna kuwa na ce mata gyara zan kai shi, na yi shiru da sauran.

Na kai shi wurin wani mai gyaran agogo, ya buɗe cikinsa, ya ce sifirin da ke juya faifai ya tsinke, kan da ake ɗaura wa allura ya tsage, hannun da ake murɗawa a yi masa wani kamar agogo kuma ya ɓata tuntuni. Masu yin irinsa sun daɗe da rufe kamfani, amma akwai masu ƙera sababbin kaya a kamannin na da, sai dai a aika musu hoto da awo. Muka duƙufa muna aunawa. Kan da aka fara aikowa bakinsa ya yi faɗi, sai da aka mayar aka canzo wani. Hannun ya iso yana ƙyalli kamar sabon cokali, dillalin ya ce a dusashe shi ya saje da akwatin, na sa aka yi. Duk wannan kai da komo Inna tana ji, kuma duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta gaya masa cewa cikin 'ya'yanta ni ne na tuna da ubana.

Ranar da aka gama na ce bari in biyo da shi gida ta ji sau ɗaya, na kuma ce wa dillalin ya same ni a can. Ashe fayafayan suna cikin akwatinta, naɗe a tsakanin zannuwa. Da lalube ta zaɓo ɗaya. Na murɗa hannun na yi masa wani, na ɗora allura, waƙa ta fito da ƙarar nan tata ta shaa-shaa. Yaya, da kin ga Inna! Ta miƙe zaune tana bin waƙar da leɓe. Ta ba mu labarin cewa Baba bai taɓa iya ba da haƙuri da baki ba, in sun yi faɗa sai ya ɗora wannan faifan ya juya ƙahon wajen ƙofarta, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Ta yi dariya har da hawaye.

Ana cikin haka dillalin ya yi sallama. Inna ta ɗauka mai gyaran ne. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta yi ta yi masa addu'a, wai ya dawo mata da muryar gidanta, sannan ta juyo kaina da albarka. Mutumin ya ɗago ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na raka shi waje, ina ta kame-kame, sai ya riga ni, ya ce shi kayan da aka gama da su yake saye, wannan kuwa da mai shi. Kin ga ko ladan fasawa ban samu ba, baƙo ne ya fasa a madadina.

Da na koma ɗaki, Inna ta ce duk da idonta ba ya gani sosai, ta lura mai gyaran nan kallon mahauci yake yi wa akwatin. Na juya ina gyara zaman ƙahon. Can ta ce in ƙara masa wani, waƙar ta fara ja. Ba ta sake tayar da zancen ba. Kullum da hantsi sai ta kira ni in ɗora mata faifai, ta sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka ji nake kamar an tsula mini bulala. Don Allah ke ki yi mini faɗan da ta ƙi yi mini, ko na samu sauƙi.

Sai roƙo ɗaya: allurarsa ba ta jimawa take dakushewa, waɗanda na sayo sun kusa ƙarewa. In ana samu a wajenku ki aiko da yawa.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'Yan Biyu, da Dogo sarkin tambaya. Inna da Goggo da Auta suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki, wanda har yau bai iya haɗa ido da Inna ba.