Baba Ba Ya Kama Sunana

Gwaggo Rabi,

Ina gaishe ki da ladabi. Yaya jiki, yaya ciwon ƙafar? Yaya yara da zaman Agadas? Mu nan Filinge lafiya lau.

Dokar sare itace da aka kawo wa Baba da Faransanci take. Ni na karanta masa bayan an tashi daga lakkwal, makarantarmu: ba a kada gawo, busasshen itace kawai ake ɗiba, shi ma sai da izini. Ya bi, ya daina sayen ɗanye yana sayarwa.

Ranar kasuwa ma'aikacin gandun daji ya duba kayansa ya yaba, ya ce, "Malam, wa ya fahimtar da kai?" Ina tsaye a wurin. Amma ni ƴar fari ce, Baba ba ya kama sunana. Sai ya ce, "Yara ne," ya dafa kan ƙanwata Hadiza. Yanzu ita za a kai Bonkuku ta yi wa masu sayar da itace bayani. Tun jiya take gwada mayafina.

Gwaggo, ke yayarsa ce. Ki kira shi ki faɗa masa ni ce ya kamata a kai, ni ba zan iya faɗa masa ba.

Ki gaida kowa. Ki yi mini addu'a in daina jin zafin Hadiza, don ba ita ta ɗora hannunsa a kanta ba.

Ƴarki,
Zainabu