Inshorar Mutum Ɗaya

Tansen, Laraba

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Darwin? Ama, mahaifiyarka, tana sa maka albarka. Na san za ka ce ga waya me ya kawo biro, amma maganar nan ta ƙi fita ta bakina. Na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo maka.

Ranar Litinin ina kan rufin gida ina shanya ganye, littafina a kife kan tabarma, na tsaya daidai inda yarinyar labarin ke jiran jirgin ƙasa cikin ruwan sama. Miƙewar da zan yi sai na ji wani ɗumi yana bin ƙafata. Jini ne. Tun daga ranar ko atishawa tsoro take ba ni.

Ina da ciki, tun zuwanka hutun bikin Dashain. Ama ta ce a gidanku ba a ambaton ciki sai ya motsa, ko ga miji, balle a waya da kowace iska ke ji. Amma a cikin tasi, a hanyar asibiti, ita ce ta fi ni kuka, tana ta cewa, "Nani, 'yata, riƙe hannuna, kada ki rufe ido!"

Likita ta ce mabiyiya ta sauko ta tare hanya, haihuwar sai an yi mini aiki, kuma kada in yi nisa da asibitin da ke ajiye jini. Na tambaye ta ko zan iya hawa jirgin sama. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "In jinin ya tsaya, sai mu gani."

Ka kai ni wurinka. A littattafai, in mace ta farka bayan aiki, fuskar mijinta take fara gani. Ina rufe ido in ga farin labule da kai a kujera kana gyangyaɗi. Ba na son in farka in ga silin.

Taka har kullum,
Pabitra

Darwin, Juma'a

Pabitra tawa, 'yar littafi,

Na gaishe ki, ki taɓa mini ƙafar Ama don gaisuwa. Ina ƙarƙashin wata babbar mota wasiƙarki ta shigo. Na taso da sauri na buga goshi da ƙarfe, yanzu duk garejin sun san zan zama uba. Wata huɗu kuna ɓoye mini ɗana, ke da tsohuwa! Za mu yi wannan shari'ar in kin zo.

Ki daina tsoro. Kowane albashi sai an cire mini haraji, har da na lafiya, kuma shekara biyu ko ciwon kai ban kai musu ba. Ga inshorar da na saya don biza. Lokaci ya yi da za mu ci abinmu. Asibitin nan ko ƙuda sai da izini yake shiga.

Na bar ɗakin da muke cunkushe mu shida, na kama wani mai taga. Tikitinki na ƙarshen wata ne. Ki taho da yajin timur, littattafan kuma ki rage, jirgi ba jaki ba ne.

Naki,
Dhiraj

Darwin, Lahadi

Ƙanwata Pabitra,

Ni ce Sarmila, 'yar kawun mijinki, wadda ta yi ta tsokanarki ranar biki. Ina gaishe ki da jiki. Ban iya zaƙin baki ba, aikin jinya ya cinye shi, don haka ki zauna kafin ki karanta.

Jiya Dhiraj ya zo mini da alewa yana washe baki. Na ce, "Bhai, ƙanena, wace inshora gare ka?" Ya ce, "Didi, yayata, ai ana cire mini na lafiya." Na ce, "Kai sakarai, wannan na asibitin gwamnati ne, kuma masu irin bizarka daga ƙasarmu ba sa ciki. Da ka tambaya ma, da ka nemi a mayar maka da shi."

Muka kira kamfanin. Inshorarsa ta mutum ɗaya ce, mafi arha, wadda ake saya don a samu biza kawai. Ko yau ya sa sunanki a babbar inshora, ba za su biya haihuwa ba sai kin cika shekara a ciki. Ya ce da matar kamfanin, "To cikin ya jira ke nan?" Ba ta yi dariya ba.

In kika zo, ba wanda zai kore ki daga ƙofar asibiti. Amma aiki, da jini, da jariri in ya zo bai isa ba aka sa shi a kwalba, duk a wuyanku. Na ga wanda ya yi shekaru yana biya. Dhiraj ya ce zai jinginar da gonar shinkafar Ama, ya kuma rantsar da ni kada in faɗa miki. Ban rantse ba, kaɗa kai kawai na yi.

Abin da ya fi damuna ba kuɗi ba ne. Tafiyar nan kusan yini guda ce a sama da filin jirgi. In jinin ya dawo a can, ba kowa sai masu raba shayi.

Kada ki ji haushinsa. Tsoro ne ya cika shi, ya rasa inda zai ajiye shi. Bizarsa a hannun mai garejin take, hutun da zai samu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Yayarki,
Sarmila

Tansen, Alhamis

Maigidana,

Ina gaishe ka. Kada ka yi faɗa da Didi Sarmila, ta rubuto mini komai.

Da ka kira jiya kana cewa komai lafiya, in taho kawai, na ji muryarka tana rawa. Na yi shiru don kada ka ji tawa. Da safe na sake ganin jini, kaɗan ne, ya tsaya. Na zauna bakin gado na kasa tashi har shayin Ama ya huce. Na ɗauki littafi, layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Ina tsoron jirgin. Ina tsoron ranar da Ama za ta ga baƙo yana auna gonarta saboda ni. Kuma ina tsoron a tura ni ɗakin aiki kana wata duniya, in kira ka a ce kana ƙarƙashin mota. Na juya su duka, ba wanda ya yi sauƙi.

Ɗazu ya motsa. Ama ta ce yanzu sai a faɗa wa kowa.

Ka nemi hutun, ko na mako ɗaya ne. In an hana ka, kada ka bar aikin.

Na sa an soke tikitin. Gobe yayana zai zo ya kai ni gidanmu a Butwal, kusa da babban asibiti. A can zan haihu.

Taka,
Pabitra